Agogon masu nutso mai tsada: yaya zan gane wanda ya zauna mini a hannu?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Damagaram, ina zuwa Dubai sarin kaya. A tafiyar da ta wuce na shiga shagunan agogo na gwada guda huɗu daga cikin sababbin agogunan masu nutso a teku: Rolex Submariner, Omega Seamaster Diver 300M, Tudor Black Bay 58 da Blancpain Fifty Fathoms. A cikin shago kowanne ya yi mini kyau, amma da na duba hotunan da na ɗauka a salula sai na ga duk sun cinye mini hannu. Na auna wuyan hannuna, santimita 16 da rabi ne. Abokaina suna cewa in ɗauki mafi girma, don shi ake gani. Bayan salla zan koma, kuma ba na so in zuba miliyoyi a kan abin da zan ajiye a durowa. Yaya ake gane wanda ya dace da hannun mutum, wanda kuma ba zai dame shi ba a zafin garinmu?"

Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Idan na fahimce ka, kana neman hanyar da za ka bi, a cikin ƴan mintocin da mai shago zai ba ka, ka hango yadda agogon zai kasance a hannunka shekara guda cur a Damagaram: da bazara da hunturu, da alwala sau biyar a yini, da hannun kaftani, da zaman shago da tuƙi. Na daɗe ina gyaran agogo da rage wa mutane sarƙa, kuma mafi yawan masu dawo mini da ƙorafi a kan irin waɗannan manyan agogunan, inji lafiyarsa ƙalau. Zaman agogon a hannu ne ya ƙi. Wani ya ce yana juya masa, wani ya ce yana sukar bayan hannu, wani kuwa da azahar ta yi sai ya cire ya sa aljihu.

Me ya sa suke da nauyi da kauri

Kayan aiki ne tun asali. Blancpain ta fitar da Fifty Fathoms a 1953, kuma sojojin ruwan Faransa masu aiki a ƙarƙashin teku na cikin waɗanda aka yi shi dominsu. Submariner na Rolex ma a wannan shekarar aka ƙera shi, aka nuna shi ga jama'a a 1954. Omega ta biyo da Seamaster 300 a 1957, Seiko ta Japan kuma ta fito da nata na farko a 1965. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa na ƙara danna shi da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa, don haka agogon da aka rubuta wa mita 300 dole gilashinsa ya yi kauri, murfin bayansa ya yi kauri, kunnen da ake saita lokaci da shi ya zama mai ɗaurewa kamar noti. A kan wannan kuma aka ɗora zoben nan mai juyawa ta gefe guda, wanda mai nutso ke lissafin mintocinsa da shi. Ƙa'idar duniya ta irin wannan agogo, ISO 6425, ta ce mafi ƙaranci ya jure mita 100, kuma a gwada shi da ƙarin kashi 25 cikin ɗari a kan abin da aka rubuta. Sannan a kan rigar roba mai kauri aka yi niyyar ɗaura shi, shi ya sa makullin sarƙarsa yake da tsawo da wurin ƙari.

Masu nutson shaƙatawa ma ba sa wuce mita 40. Mu kuwa a Damagaram, inda ruwan famfo kansa sai an yi sa'a a wasu unguwanni, mita 300 abin dariya ne. Amma kada ka raina rufin: abin da ya hana ruwan teku shiga shi ne zai hana ƙurar hunturu da zufa shiga, kuma waɗannan biyun su ne ke kashe agogo a ƙasarmu. Saboda haka zaɓin nan naka yana da hujja. Sai dai ka san cewa duk zurfin da aka ƙara a rubuce, a wuyan hannunka za ka biya shi. Rolex Deepsea mai mita 3,900 kaurinsa ya kusa milimita 18. Wannan ko kyauta aka ba ka, ba na zaman shago ba ne.

Awon da ba a cika faɗa ba

Lambar da mai shago ke faɗa, 39 ko 41 ko 42 ko 45, faɗin akwatin agogon ne daga gefe zuwa gefe. Wadda ta fi ta muhimmanci ita ce tsawon agogon daga sama zuwa ƙasa, wato daga bakin ƙahonin da ke wajen ƙarfe 12 zuwa bakin na wajen ƙarfe 6, ƙahonin nan huɗu da sarƙa ke maƙalewa a tsakaninsu. Wannan tsawon ne ke kwanciya a kan hannu. Kamar sirdi ne a bayan doki: idan ya yi daidai da bayan, ya zauna daram ko ana sukuwa, idan ya zarce, duk yadda aka ja majayi sai ya yi ta rawa yana goge dabbar.

Ka auna kewayen hannunka, ka kyauta, amma saura awo ɗaya. Ka ɗora hannunka a kan tebur, tafi a ƙasa, ka sa rula a kan wuyan hannun daidai inda agogo ke zama, bayan ƙashin nan da ya ɗan fito ta gefen ƙaramin yatsa, ka ga faɗin shimfiɗar saman. A abin da nake gani wurin aiki, mai santimita 16 da rabi yakan samu tsakanin milimita 50 da 55. Bambancin yana zuwa ne daga siffar hannu. Wani nasa shimfiɗaɗɗe ne, ƙashi ya baje, wani kuwa zagayayye ne kamar rake. Mutum biyu masu kewaye ɗaya, mai shimfiɗaɗɗen hannu zai ɗauki agogon da zai yi wa ɗayan yawa. Abin da nake so shi ne tsawon agogon ya gaza faɗin hannunka da aƙalla milimita 2 ko 3, yadda in ka dube shi daga sama za ka ga ɗan sarƙa ta kowane ɓangare kafin ta gangara.

Ga yadda naka huɗun suke, a ƙiyasce. Black Bay 58 faɗinsa 39, tsawonsa wajen 47 da ɗoriya. Submariner na yanzu, wanda aka mayar 41 a shekarar 2020, tsawonsa wajen 48. Ka ga faɗi ya bambanta da milimita 2, amma abin da suke ci a hannu kusan ɗaya ne. Seamaster Diver 300M faɗinsa 42, tsawonsa wajen 50. Fifty Fathoms da aka fi sani 45 ne, tsawonsa ya ɗan haura 50, kodayake a 2024 kamfanin ya fitar da mai 42 a jerin kayansa na kullum. Ka tambayi wanne aka ɗaura maka. Don ka ga yadda lambar faɗi ke yaudara: akwai Seiko da ake yi wa laƙabi da kunkuru, faɗinsa wajen 45, amma ƙahoninsa gajeru ne, tsawonsa bai wuce na Submariner ba, kuma na ga masu siririn hannu suna yawo da shi ba tare da damuwa ba.

Ka kuma lura da guntun sarƙa na farko da ke manne da akwatin. A wasu agogunan ba ya lanƙwasawa, yana miƙewa ya zarce ƙahoni, sai ya ƙara wa agogon tsawo da milimita 2 zuwa 4 wanda ba ya cikin takarda. Ido ne kaɗai ke gane wannan. Ka ɗaga hannunka daidai da fuskarka ka duba ta gefe. In sarƙar ta gangaro tsaye daga bakin ƙahoni, ko kana hango haske tsakanin ƙahonin da fatarka, agogon ya fi ƙarfin hannun.

Maganar hoto kuwa, kada ta tayar maka da hankali. Kyamarar salula mai faɗin gani ce, duk abin da ya fi kusa da ita sai ta kumbura shi, kuma idan ka ɗauki hannunka daga nisan taƙi guda agogon ne ya fi kusa. Ka tsaya gaban babban madubi, nisan taku biyu ko uku, hannu a sake, ko ka ba wani salular ya ja baya ya ɗauke ka gaba ɗayanka. Haka mutane za su gan ka.

Kauri da hannun riga

Turawan da ke rubutu a kan agogo suna gwada kauri da hannun kwat. Mu namu ma'aunin kaftani ne, kuma telolinmu suna son matse hannu, ballantana in an sa masa maɓalli ko aka yi shi da shadda mai sitati wadda ba ta ba da kai. Black Bay 58 kaurinsa milimita 11.9, Submariner 12 da ɗan kai, Seamaster wajen 13 da rabi, Fifty Fathoms mai 45 ya haura 15. A takarda bambancin ƙarami ne, a hannun riga kuwa shi ne tsakanin agogon da ke shigewa da kansa da wanda zai tokare rigar ya tattare ta yini guda. Haƙoran zoben ma suna cin bakin yadi; na ga hannun gezna mai tsada ya yi gashi-gashi a cikin ƴan watanni saboda haka. Don haka ranar gwaji ka sa irin kaftanin da ka fi sawa a gida. In ka tafi da riga mai gajeren hannu ta yawon Dubai, rabin gwajin bai yiwu ba. In agogon ya kwanta maka a rai amma rigar ta ƙi, tela zai iya ƙara santimita ɗaya a hannun da kake ɗaurawa, sai dai ka lissafa yawan kayan da ke cikin akwatinka.

Kauri yana da wata illa: yana ɗaga nauyi sama. Agogon da murfin bayansa ya turo waje yana zama a kan ɗan ƙaramin wuri, sai ya riƙa lilo. Wanda bayansa ya baje, ƙahoninsa suka lanƙwaso ƙasa, ko ya fi nauyi a sikeli zai fi daɗin ɗauka.

Nauyin kansa ba na tsoratar da mutane da shi sosai. Irin waɗannan da sarƙar ƙarfe mara tsatsa, wanda muke kira inoks, sukan kai giram 140 zuwa 190, hannu kuma yana sabawa cikin mako biyu in nauyin ya rabu daidai tsakanin kan agogo da makulli. Wanda bai son nauyi ya nemi na titaniyom, wanda ya fi inoks sauƙi da kusan kashi 40 cikin ɗari. Tudor tana da Pelagos 39 da ta fitar a 2022, ka sa shi cikin waɗanda za ka gwada ko don ka ji bambancin. Wasu alhazan in sun ɗaga shi sai su ce ba su ji kuɗinsu ba. Wannan ra'ayi ne, ba na musu da shi.

Hannun Dubai da hannun Damagaram

Nan ne ainihin amsarka take. Wuyan hannu ba ya tsayawa a awo ɗaya. In jiki ya yi zafi, jijiyoyin jini na fata suna buɗewa don fitar da zafin, ruwa ya taru a hannu da ƙafa, hannu ya kumbura. In sanyi ya kama, ya tsuke. A Damagaram watannin Afrilu da Mayu zafin rana yana kai digiri 40 har ya wuce, a Disamba da Janairu kuwa da asuba yakan sauko wajen 15. Tsakanin waɗannan biyun na saba ganin hannun mutum ɗaya ya canza da rabin santimita, wani ma fiye. Ko a yini guda akwai bambanci tsakanin safe da la'asar. Gishiri a abinci yana ƙarawa, doguwar tafiya a jirgi ko a mota tana ƙarawa, azumi kuma yana ragewa: duk bayan Ramadan sai na ga masu zuwa a cire musu guntun sarƙa, bayan layya su dawo a mayar.

To shagon da ka yi gwaji a cikinsa na'urar sanyi ke aiki dare da rana. Ka yi awa biyu kana zagaya katafaren kanti kafin ka shiga, hannunka ya tsuke iyakar tsukewa. Agogon da aka daidaita maka a can ya zauna cif, in ka fito Kasuwar Dole da ƙarfe biyu na rana zai shaƙe ka, ya bar maka shatin sarƙa a fata. In kuma aka bar shi sakwaf don gudun haka, da hunturu zai riƙa zamewa yana dukan ƙashin hannu, kansa mai nauyi yana juyawa gefe.

Maganin wannan yana cikin makulli, kuma ni a wurina makulli ya fi fuskar agogo muhimmanci ga mutumin Sahel. Ka nemi wanda ake ƙarawa da ragewa da yatsa kawai, babu kayan aiki. Na Submariner ana kiransa Glidelock, yana ba da kusan milimita 20, taki-taki na milimita 2, kuma a cikin huɗun nan babu wanda ya kai shi a wannan fanni. Tudor tana da T-fit mai ba da milimita 8 a matakai biyar, ya ishi canjin yini. Amma ka buɗe ido: Black Bay 58 na farko, baƙin da ya fito a 2018 da shuɗin 2020, ba da T-fit suka zo ba, ƴan ramuka ne a gefen makulli da sai an sa tsinke. Sababbin fitowa ne ke da shi, haka ma Black Bay 54 na 2023 mai faɗin 37. Ka juya makullin ka gani da idonka, ka ce a nuna maka yadda ake ja. Na Omega yana da abin dannawa a ciki da ke zamar da sarƙa, yana aiki lafiya, sai dai sarƙar ba ta sirancewa, faɗinta milimita 20 tun daga akwati har makulli, kuma a siririn hannu ana jin wannan faɗin ta ƙasa. Fifty Fathoms kuwa an fi sayar da shi da maɗauri na yadi mai ƙarfi irin na tantin jirgin ruwa, mai ramuka kamar bel, inda sau da yawa rami ɗaya ya matse, na gaba ya yi sako-sako.

Makulli mai wurin ƙari yana da tsawo, wannan shi ne kuɗin da ake biya. A hannu irin naka ƙasan wuyan hannu bai da faɗi sosai, in makullin ya fi shi tsawo zai tokare gefe ya ture kan agogon ya karkace. Gyaransa wurin cire guntaye ne. A cire mafi yawa daga ɓangaren ƙarfe 6, yadda farantin da ke naɗewa a cikin makulli zai zauna a tsakiyar ƙasan hannu. Masu shago da yawa suna cire biyu nan biyu can don sauri. Ka ce a sake. Kuma a daidaita shi yadda a cikin sanyin shagon makullin yana kusa da matakinsa na ƙarshe na matsewa, don duk sauran wurin ƙarin ya rage maka na zafin gida. Ma'aunin da nake amfani da shi: bakin ƙaramin yatsa ya shiga ƙarƙashin makulli da ƙyar, agogon kuma kada ya tsallake ƙashin hannu in ka sake hannunka ƙasa.

Abin da za ka yi a cikin shago

Sai an gwada akan san na ƙwarai, amma gwajin ɗaura-ka-cire na minti ɗaya ba gwaji ba ne. Agogon da ke shago sarƙarsa cikakkiya ce, ba za su rage maka ba sai ka saya, don haka ka kama rarar ta ƙasa da yatsu biyu har ya zauna yadda zai zauna, ko ka ce su matse makullin iyakarsa. Ka je da yamma, bayan ka ci abinci ka ɗan taka a waje, lokacin hannu ya fi kusa da na gida. Ka bar shi a hannu aƙalla minti goma kana hira, don minti biyun farko ɗoki ne ke magana.

Sannan ka dafa tafinka a kan kanta ka lanƙwasa hannu baya kamar yadda kake yi a sujada ko in za ka tashi daga tabarma. Nan kunnen agogo ke nuna halinsa. Na masu nutso babba ne, ga kafaɗu biyu da ke kare shi, in agogon ya sauko kusa da tafi zai soki bayan hannunka, kuma abin da za ka yi sau da yawa kullum ne. Na ga masu tabo baƙi a wurin. Seiko ta kauce wa wannan a yawancin nata ta hanyar mayar da kunnen wajen ƙarfe 4. Seamaster yana da ƙarin kunne a wajen ƙarfe 10, na fitar da iskar heliyom ga masu aikin kwanaki a ƙarƙashin teku. A hannun hagu yana kallon gwiwar hannu, ba ya damun kowa, amma in a dama kake ɗaurawa shi ne zai fuskanci tafinka. Ka riƙe hannu kamar kana kan sitiyari ko kan babur, ka sa hannu a aljihun kaftani ka fito da shi, ka girgiza. In kana da gashi a hannu ka murza sarƙar sama da ƙasa ka ji ko tana tsinka. Ka shafa yatsa a gefunan makulli da ƙasan ƙahoni, kaifin da ka ji kaɗan a shago zufa za ta ninka shi.

Ka buɗe makullin ka rufe sau da yawa da hannu ɗaya. Hukuncin alwala da agogo na malamai ne, amma kowa ya san ana so ruwa ya game hannu har gwiwa, saboda haka ko dai ka cire, ko ka sassauta ka matsar da shi. Sarƙar ƙarfe ta fi dacewa da wannan, domin in ka buɗe makulli agogon yana nan rataye, ka tura shi sama ka wanke ka mayar. Mai ramuka irin na bel sai an cire gaba ɗaya, kuma a wurin alwala, kan siminti, agoguna suka fi faɗuwa. Gilashin saffaya yashi ba ya karce shi, zoben seramik na Rolex da Omega ma haka, amma dukansu suna iya tsagewa in sun daki ƙasa, canjinsu kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Fata da zufa

Dukawan Damagaram sun iya aikin fata, kuma nakan sa su yi wa mutane maɗauri mai kyau, amma na hunturu ne. Da bazara fata tana shan zufa da ruwan alwala, ta yi wari ta tsage. Roba mai kyau tana jure ruwa, sai dai tana riƙe zufa a ƙarƙashinta in ba ta da ramuka ko kwari ta ciki. Maɗaurin nailan da ke bi ta ƙarƙashin agogo yana wankuwa, yana da arha, amma yana ƙara wa agogon tudu, kuma in ya jiƙe yakan daɗe da danshi. A ƙasarmu sarƙar ƙarfe ce ta fi, iska na ratsa ta. Ka riƙa wanke ta da ruwa da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori, bayan ka tabbatar kunnen a ɗaure yake, don ƙura da zufa in sun haɗu a tsakanin guntaye suna cin ƙarfen a hankali har sarƙa ta saki. Turare kuma a shafa shi nesa da agogo, mai da barasar da ke cikinsa ba sa shiri da roba.

In ka taɓa samun ƙaiƙayi daga ƙarfen bel ko na tabarau, wataƙila jikinka ba ya son nikel, kuma inoks yana ɗauke da shi. Irin wanda Rolex ke amfani da shi, 904L, ya ma fi na sauran yawan nikel. Mafi yawan mutane ba ya yi musu komai. Ga wanda yake yi wa, titaniyom ne mafita, ƙurajen kuma likita za a kai wa. Masu haɗin zinariya ban sa su a lissafi ba, ka san matsayin zinariya ga namiji a addini, ga kuma ƙarin nauyi.

Ra'ayina a kan huɗun

Da hannun santimita 16 da rabi, Fifty Fathoms mai 45 na cire shi. Agogo ne mai tarihi da kyawun aiki, amma ba naka ba ne. In zuciyarka na kansa, gwada mai 42. Seamaster yana bakin iyaka: in awon saman hannunka ya kai milimita 53 ko fiye zai zauna, in bai kai ba za ka riƙa jin sa kullum. Takarar gaskiya tsakanin Submariner da Black Bay 58 take. Tudor ya fi sirantaka da sauƙi, ya fi shiga hannun riga, kuma kuɗinsa bai kai rabin na Rolex ba, wanda sabonsa ya haura sefa miliyan 6. Submariner ya fi shi makulli nesa ba kusa ba, in dai tsawon makullin ya zauna a ƙasan hannunka. In ka samu Black Bay 58 mai T-fit, ni shi zan ce ka fara dubawa, ka kuma ɗaura Black Bay 54 kusa da shi kafin ka yanke. Submariner na farko ma bai wuce wannan girman ba.

Abokanka da ke cewa babba ake gani, gaskiya ne ana gani. Amma wanda ya san agogo, abin da zai fara lura da shi shi ne ƙahoni sun zarce hannu, kamar na aro. Wanda bai sani ba kuwa, ba zai bambanta naka da na jika goma da ake sayarwa a tire ba, komai girmansa.

Iyakar abin da zan iya

Ban ga hannunka ba, kuma lambobin tsawo da na kawo ƙiyasi ne da kan ɗan motsa gwargwadon fitowa, don haka rularka da madubi su ne alƙalai. In ka biyo ta wurina kafin tafiya, awon ba ya cin minti biyu. Ni mai gyara ne, ban taɓa nutso ba, abin da na faɗa duk na zaman tudu ne. Rage sarƙa, wanki da canjin maɗauri muna yi a nan, amma buɗe irin waɗannan injina da gwajin matsin ruwa aikin wakilan kamfani ne masu na'urarsa, kuma zafinmu yana gajiyar da robobin rufi da wuri, saboda haka ka riƙa ba da shi a gwada duk shekara ɗaya ko biyu in ka je sari. Submariner kuma sau da yawa wanda ke shagon wakili na nuni ne kawai, sai an rubuta suna an jira. In ka koma wajen ƴan kasuwar bayan fage farashi zai hau, jabu masu kama da gaske kuma sun yi yawa, kada ka biya sai da katin garanti da wanda ya san kaya a gefenka.

Ranar da ka saya, a rage sarƙar a gabanka, ka yawata da shi a waje rabin awa ka dawo a sake dubawa tun kana garin. Guntayen da aka cire da ƴan sukurorinsu ka karɓa ka sa a kwalin, domin da bazara mai yiwuwa a mayar da ɗaya, kuma ba a samun su a kasuwar nan.